Tsakuwar matsarmama mai toshe hanji: Yaushe bututun kyamara ke wadatarwa, yaushe kuma sai an yi tiyata?

A unguwannin Zango na birnin Accra, irin su Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina, ba baƙon abu ba ne a ji an ce wata dattijuwa tana fama da "olsa" shekara da shekaru. Ciwon kan taso mata a ƙahon zuci ko a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, galibi bayan ta ci abinci mai maiƙo, wani lokaci ya harba har bayan kafaɗa. A aiki yaro kemis ya sayo magani, ciwon ya lafa bayan 'yan sa'o'i, kowa ya koma harkarsa.

Wasu daga cikin masu wannan ciwo gyambon ciki ne da su da gaske. Wasu kuwa tsakuwa ce a matsarmama. A cikin waɗannan na biyun, akwai 'yan ƙalilan da tsakuwar kan girma ta fasa hanya ta faɗa cikin hanji, ta toshe shi. Likitocin ƙasashen da ke aiki da Faransanci suna kiran wannan matsala iléus biliaire. Ba ta da yawa, amma tana da haɗari, kuma tsofaffi ta fi kamawa, musamman mata.

A 'yan shekarun nan likitoci sun ƙara ƙwarewa wajen ciro irin wannan tsakuwa ta baki ko ta dubura da bututu mai kyamara, ba tare da an tsaga ciki ba. Labarin ya kai kunnen jama'a, har iyalai kan tambayi likita ko ba za a yi wa tsohuwarsu "aikin kyamara" ba maimakon tiyata. Amsar ta dogara ne a kan inda tsakuwar ta tsaya, da girmanta, da kuma kwana nawa aka ɓata a gida kafin a zo asibiti.

Yadda tsakuwa ke samuwa

Duk wadda ta taɓa gyaran kaza ta san matsarmama: 'yar jaka koriya da ke manne a jikin hanta, wadda ake cirewa a hankali don kada ta fashe ta ɓata naman da ɗaci. Mutum ma yana da ita, a gefen dama na ciki, a ƙarƙashin hanta. Hanta tana haɗa ruwan ɗaci kimanin rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace rana, matsarmama kuma tana adana wani ɓangare nasa tana kaurara shi. Idan abinci mai maiƙo ya iso farkon ƙaramin hanji, sai ta matse ta feso ruwan domin ya taimaka wajen narkar da kitse.

Tsakuwa tana samuwa ne idan sinadaran da ke cikin wannan ruwa suka yi yawa har suka daskare. Iri biyu ne manya. Akwai ta kolestarol, wadda ta fi samun mata, da masu ƙiba, da waɗanda suka haihu da yawa, da masu ciwon suga, da masu yawan shekaru, da kuma wanda ya rame farat ɗaya. Akwai kuma baƙar tsakuwa, wadda ke fitowa idan jajayen ƙwayoyin jini suna yawan fashewa. Wannan ta biyun ta shafi Afirka ta Yamma ƙwarai saboda cutar sikila. A Ghana, kimanin jarirai 2 cikin kowane 100 ake haifa da sikila, kuma masu ita kan samu tsakuwar matsarmama tun suna yara ko matasa.

A ƙasashen Turai da Amurka, inda aka fi yin ƙidaya, manya 10 zuwa 15 cikin 100 suna da tsakuwar. Kimanin kashi 80 cikin 100 na masu ita ba sa jin komai har ƙarshen rayuwarsu. Waɗanda takan kai ga toshe musu hanji ba su kai mutum ɗaya cikin 200 ba.

Ta ina take shiga hanji?

Hanyar da ruwan ɗaci ke bi ya sauka cikin hanji siririya ce, faɗinta 'yan milimita ne kawai. Babbar tsakuwa ba za ta iya bi ta nan ba. Abin da ke faruwa shi ne, duk lokacin da matsarmama ta kumbura ta lafa, ta sake kumbura ta lafa, sai bangonta ya riƙa mannewa da bangon hanjin da ke maƙwabtaka da ita. Tsakuwar kuma tana danna wurin tana cinsa sannu a hankali, har wata rana ƙofa ta buɗe tsakanin su biyun. Mafi yawan lokaci ƙofar takan buɗe ne a farkon ƙaramin hanji, dab da mafitar tumbi. Wani lokaci takan buɗe cikin tumbin kansa ko cikin babban hanji.

Ƙaramar tsakuwa takan bi bayan gida ta fita, mai ita bai ma sani ba. Wadda ta wuce santimita 2 zuwa 2.5, wato kamar girman goro, ita ce ke iya maƙalewa. Ƙaramin hanji ya kai tsawon mita 6, kuma yana ƙara tsukewa yayin da ake gangarawa. Saboda haka fiye da rabin irin waɗannan tsakuwoyi sukan tsaya ne a can ƙarshensa, kusa da mahaɗarsa da babban hanji.

Likitoci sun daɗe da sanin matsalar. Wani likita ɗan ƙasar Denmark mai suna Bartholin ya bayyana ta tun a 1654, bayan ya binciki gawar wani mamaci. A 1896 kuma Léon Bouveret, likita a birnin Lyon na Faransa, ya rubuta labarin marasa lafiya biyu da tsakuwar ta tsaya musu a sama, ta toshe mafitar tumbi. Har yau ana kiran wannan nau'i da sunansa, cutar Bouveret. Shi ne mafi ƙaranci, kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na masu toshewar hanji ta dalilin tsakuwa, amma shi ne wanda bututun kyamara ya fi amfani a kansa.

Alamomin da ke yaudarar iyali

Abin da ya sa ake makara da wannan cuta shi ne yadda take zuwa tana komawa. Tsakuwar takan maƙale a wani wuri, mai ita ta yi ta amai da murɗawar ciki yini guda. Sai ta kuɓuce ta gangara gaba, ciwon ya yi sauƙi, har tsohuwa ta nemi koko ta sha. Iyali su ce Alhamdulillahi, sauƙi ya samu. Bayan kwana ɗaya ko biyu ta sake maƙalewa a inda ya fi tsukewa. A haka akan kwashe kwanaki da dama kafin a je asibiti.

Idan ta toshe hanjin gaba ɗaya, alamomin sukan fito fili: amai mai yawa, kore ko ruwan ƙasa, wani lokaci mai wari kamar bayan gida, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ba bayan gida, ba tusa, baki ya bushe, fitsari ya ragu, jiki ya saki. A cutar Bouveret kuwa, tun da toshewar a sama take, cikin ba ya kumbura sosai. Abin da aka fi gani shi ne duk abin da aka ci ko aka sha sai ya dawo, wani lokaci da jini.

Haɗarin ba a tsakuwar kaɗai yake ba. Dattijuwa mai shekara 70 ko 75, mai hawan jini ko ciwon suga, idan ta kwana uku tana amai ba ta riƙe ruwa, ƙodarta na iya gazawa, gishirin jininta ya rikice, zuciya ta raunana. Hanjin da ya daɗe a toshe kuma yana iya ruɓewa ko ya huje. Kusan rabin masu wannan matsala ba a taɓa gaya musu suna da tsakuwar matsarmama ba, don haka babu wanda tunaninsa ke zuwa kanta.

Yadda ake gano ta

A asibitocin Afirka ta Yamma, abubuwan da suka fi toshe hanji su ne ƙaba da ta shaƙe, da mannewar hanji bayan tsohuwar tiyata, da murɗewar hanji, da ciwon daji. Likita zai fara duba waɗannan. Idan mara lafiyar tsohuwa ce, ba ta da ƙaba, ba a taɓa yi mata aiki a ciki ba, to tsakuwa na cikin abubuwan da ya kamata a yi zargi.

A 1941 wani likitan hoto a Amurka, Leo Rigler, ya bayyana alamomi uku da ake nema a hoton ciki: hanji ya kumbura da iska da ruwa, iska ta shiga hanyoyin ruwan ɗaci inda bai kamata a same ta ba, sannan a ga tsakuwar a wani wuri da ba mazauninta ba. Matsalar ita ce yawancin tsakuwoyin matsarmama ba sa fitowa a hoton eksire na yau da kullum. Sikanin da ake goga wa ciki, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, yana nuna matsarmama da kyau, amma iskar da ta cika hanji takan rufe masa gani. Hoton CT ne ya fi dacewa. Yana gano matsalar a fiye da kashi 90 cikin 100, ya nuna inda tsakuwar take, da girmanta, da ko akwai wata a bayanta. A kan wannan hoton ne likitoci ke yanke shawarar kyamara ko wuƙa.

Yadda ake aikin kyamara

Endoskofi bututu ne mai lanƙwasa, kaurinsa kamar ɗan yatsa, da fitila da kyamara a bakinsa, da kuma 'yar hanya a cikinsa da ake zura kayan aiki. Basil Hirschowitz, likita haifaffen Afirka ta Kudu da ke aiki a Jami'ar Michigan ta Amurka, shi ya fito da irinsa na farko mai lanƙwasa a 1957, kuma a maƙogwaronsa ya fara gwada shi kafin ya sa wa mara lafiya. A asibitocin Nijar da Togo da Benin da Kodebuwa an fi saninsa da fibroscopie. A 1985 ne wasu likitoci a Italiya suka ba da rahoton farko na ciro tsakuwar Bouveret da shi.

Kafin a fara, sai an ƙara wa mara lafiya ruwa ta jijiya, an gyara gishirin jini, an zura siririn tiyo ta hanci an zuƙe abin da ya taru a tumbi. Sau da yawa akan sa shi barci gaba ɗaya a kare hanyar numfashinsa, domin kada amai ya faɗa huhu.

Idan likita ya hango tsakuwar a allo, yakan fara gwada kama ta da wani ɗan kwandon waya da ake kira Dormia, ko da 'yar raga. Idan ƙarama ce, a jawo ta a fitar ta baki. Amma tsakuwar Bouveret takan kai santimita 4 ko fiye, kusan girman ƙwan zabo, alhali faɗin maƙoshi bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Dole sai an farfasa ta.

Hanyoyin farfasawa huɗu ne. Ta farko, a matse ta da kwandon ƙarfe mai ƙarfi har ta tsage. Ta biyu, a cika wurin da ruwa, a kai wata siririyar waya dab da tsakuwar, a riƙa sakin tartsatsin lantarki wanda girgizarsa ke fasa ta. Ta uku, a harbe ta da hasken leza. Ta huɗu, a aiko girgizar daga wajen jiki da irin na'urar da ake fasa tsakuwar ƙoda. Sau da yawa akan haɗa biyu ko uku, kuma aikin na iya ɗaukar sa'o'i, ko ma a raba shi zama biyu ko uku. Bayan an fasa, sai an bi gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya an kwashe.

Idan tsakuwar a babban hanji ta tsaya, akan bi ta dubura da bututu mafi tsawo. Akwai kuma na'ura mai balan-balan biyu da likitan Japan Hironori Yamamoto ya fito da ita a 2001, wadda ke iya kutsawa can cikin ƙaramin hanji. An yi amfani da ita wajen ciro irin wannan tsakuwa, amma a cibiyoyi ƙalilan ne, kuma ga marasa lafiyar da ba za su iya jure tiyata ba.

Inda kyamara ke gazawa

Amfanin wannan hanya a fili yake: ba a tsaga ciki ba, babu ɗinki, mara lafiya kan fara cin abinci da wuri, kuma tsohon da zuciyarsa ko huhunsa ba za su ɗauki doguwar tiyata ba yana samun mafita. Shi ya sa a cutar Bouveret likitoci da yawa ke fara gwada ta.

Sai dai ba kullum take cin nasara ba. A rahotannin farko-farko, kusan mutum ɗaya cikin goma ne kawai aka iya raba shi da tsakuwar ta wannan hanya. Da leza da na'urar tartsatsin lantarki suka yaɗu, bitar rahotannin baya-bayan nan ta nuna adadin ya kai kusan huɗu cikin goma. Ko wannan ma a karɓe shi da lura, domin likitoci sun fi rubuta aikin da ya yi kyau a kan wanda ya ci tura. Tiyata kuwa tana fitar da tsakuwar a fiye da tara cikin goma.

Dalilan gazawar sanannu ne. Wata tsakuwar ta yi girma ko tauri fiye da kima. Wata ta cushe ta yadda babu sararin da kwando zai zagaye ta. Wani lokaci kuma gutsuren da aka fasa kan sulale ya gangara ya toshe hanjin a can ƙasa, inda bututun ba ya kaiwa, sai aikin da aka fara da kyamara ya ƙare a ɗakin tiyata. Akwai kuma haɗarin zubar jini ko hujewar bangon hanji, wanda dama kumburi ya riga ya raunana shi.

Babban abin lura shi ne nisa. Bututun da ake zurawa ta baki bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, iyakarsa farkon ƙaramin hanji. Yawancin tsakuwoyin kuwa a ƙarshensa suke tsayawa. Ga mafi yawan masu wannan matsala ke nan, tiyata ce magani tun farko. Haka kuma idan akwai alamar hanji ya ruɓe ko ya huje, kamar zazzaɓi mai zafi, da ciki ya ƙi taɓuwa, da faɗuwar awon jini, babu likitan da zai tsaya gwada kyamara.

Idan aka zo ga tiyata

Aikin da aka fi yi mai sauƙi ne a tsarinsa. Likita ya buɗe ciki, ya lalubo inda tsakuwar take, ya tura ta baya kaɗan zuwa inda hanjin ke da lafiya, ya tsaga ya fitar da ita, ya ɗinke. Sannan ya bi sauran hanjin da hannu ko akwai wata. A wasu asibitoci ana yin wannan ta 'yan ƙananan huji a ciki.

Tambayar da likitoci suka daɗe suna muhawara a kai ita ce ko a cire matsarmamar a rufe ƙofar da ta buɗe a lokaci guda. Wata bita da aka wallafa a 1994, wadda ta tattara marasa lafiya 1,001, ta nuna cewa kimanin kashi 12 cikin 100 sun rasu a cikin waɗanda aka ciro musu tsakuwar kawai, kusan kashi 17 kuma a cikin waɗanda aka haɗa musu aikin duka. Kulawar asibiti ta inganta tun daga lokacin, amma darasin bai canza ba: ga tsoho mai rauni, gajeren aiki ya fi aminci. Ƙofar takan rufe da kanta a lokuta da dama idan babu sauran tsakuwa. Kimanin mutum 5 cikin 100 matsalar kan sake dawo musu, don haka wanda jikinsa ke da ƙarfi akan ba shi shawarar ya dawo daga baya a cire matsarmamar.

A Accra, ina za a nufa?

Ga mazauna Nima da Mamobi, Babban Asibitin Mamobi ne mafi kusa, kuma a nan za a iya fara duba mara lafiya, a sa masa ruwa, a rubuta takardar tura shi gaba. Toshewar hanji aiki ne na asibitin da ke da likitocin tiyata da masu sa barci dare da rana. A Accra, manyan asibitocin gwamnati da ake tura irin wannan su ne Asibitin Koyarwa na Korle Bu, wanda aka buɗe tun 1923, da Asibitin Sojoji na 37 da ke kusa da Nima, da Asibitin Ridge, da kuma Cibiyar Lafiya ta Jami'ar Ghana da ke Legon. A Kumasi akwai Komfo Anokye, a arewa kuma Asibitin Koyarwa na Tamale.

Kasancewar asibiti yana da sashen endoskofi ba ya nufin yana da kayan fasa babbar tsakuwa. Duba tumbi da kyamara aiki ne na yau da kullum. Leza da na'urar tartsatsin lantarki kuwa kaya ne masu tsada, ko a Turai sai a manyan cibiyoyi ake samun su tare da wanda ya ƙware a kansu. Saboda haka iyali na da damar su tambayi likita kai tsaye: a ina tsakuwar take, kyamara za ta kai wurin, akwai kayan fasa ta a nan, kuma idan aka gwada bai yi ba, ɗakin tiyata a shirye yake? Abin da bai dace ba shi ne a ɗauke mara lafiya daga asibitin da ke shirin yi masa tiyata a shiga gari neman inda ake "aikin kyamara". Kowane yini da aka ƙara, ƙoda da hanji ne ke biya.

Mazauna Accra sun san matsalar rashin gado. A watan Yunin 2018 wani dattijo mai shekara 70 ya rasu a cikin mota bayan asibitoci bakwai sun ce ba su da wurin kwantar da shi, lamarin da ya tayar da ƙura a faɗin ƙasar. Takardar turawa daga asibitin farko, da roƙon ma'aikatansa su kira asibitin gaba kafin a tashi, suna rage yawon. Lambar kiran gaggawa a Ghana ita ce 112.

Batun kuɗi ma yana jinkirta mutane. Shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, wanda aka kafa da dokar 2003, ya yafe wa masu shekara 70 zuwa sama kuɗin shekara, amma katin sai an sabunta shi, kuma ana iya yin hakan ta waya da lambar *929#. Katin da ya mutu a cikin jakar tsohuwa ba ya amfani da tsakar dare. Ko da kati mai rai, yana da kyau a tambaya tun farko abin da inshorar ta ɗauka da abin da iyali za su biya, musamman hoton CT.

Ga masu karatu a wasu ƙasashe, ƙa'idar ɗaya ce: a nufi babban asibiti mai tiyata. A Yamai akwai Babban Asibitin Ƙasa da Hôpital Général de Référence, a Lome akwai Sylvanus Olympio, a Kwatano akwai Hubert Maga, a Abidjan akwai asibitocin koyarwa na Treichville da Cocody, a Kano kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Abin da ke hannun iyali

Idan tsoho ya yini yana amai, ciki ya kumbura, babu bayan gida babu tusa, a daina ba shi abinci da abin sha a kai shi asibiti a ranar. Kada a ba shi filasko ko kanwa ko wani jiƙon wankin ciki, kada kuma a yi masa bentuwa. Tura hanjin da ke toshe da ƙarfin magani yana iya fasa shi. Sauƙin da aka gani bayan yini guda ba dalilin fasa tafiya ba ne.

A tafi da duk tsoffin takardun sikanin da hotuna, ko da a wata ƙasa aka yi su. Iyalan Zango da yawa suna da ƙafa ɗaya a Accra ɗaya a Yamai ko Lome ko Sakkwato, kuma takardar Faransanci da ke ɗauke da kalmar lithiase vésiculaire ko calculs na iya buɗe wa likitan Ghana ido cikin minti ɗaya. A tafi da kwalayen magungunan da mara lafiya ke sha, musamman na suga da na tsinka jini irin su asfirin da wafarin. A samu mutum ɗaya da ke jin Hausa da Turanci ko Twi sosai ya tsaya tare da ita, domin tsofaffi da yawa ba za su iya bayyana ciwonsu da harshen asibiti ba, kuma sai an fahimci aikin kafin a sa hannu. A kuma shirya 'yan uwa biyu ko uku da za su iya ba da jini.

Tun kafin a kai ga haka

Ƙofar da ke buɗewa tsakanin matsarmama da hanji ba a dare ɗaya take samuwa ba. Sakamakon kumburi ne da aka yi ta danne shi da maganin kemis. Wanda ciwo ke taso masa a ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan ya ci soyayyen abu, ko tsire mai kitse, ko naman layya, ko buɗa-baki mai nauyi, ya kamata ya nemi a yi masa sikanin ciki. Gwaji ne mara zafi, na 'yan mintoci, kuma yana gano tsakuwar matsarmama a fiye da tara cikin goma. Idan ciwon ya zo da zazzaɓi ko shawara, wato ido ya yi rawaya, to ba na jira ba ne. Masu sikila kuma su riƙa ambata wa likitansu duk wani ciwon ciki na gefen dama, kada a ɗauka rikicin sikilar ne kawai.

Akwai masu tallar haɗin man zaitun da lemon tsami da sunan yana wanke tsakuwa. 'Yan ƙwallayen kore da ke fita a bayan gida bayan an sha, da aka auna su a ɗakin gwaji, an tarar man ne da aka sha ya dunƙule kamar sabulu. Tsakuwar tana nan inda take, kuma shan mai da yawa haka yana iya tayar da ciwon.

Tsakuwar da ba ta taɓa damun mai ita ba, galibi ba a taɓa ta. Wadda ta fara ciwo kuwa, maganinta shi ne a cire matsarmamar. Carl Langenbuch ne ya fara wannan aiki a Berlin a 1882, kuma tun bayan da Erich Mühe a Jamus a 1985 da Philippe Mouret a Lyon a 1987 suka yi shi ta ƙananan huji, ya zama ɗaya daga cikin ayyukan tiyata da aka fi yi a duniya. Mutum yana rayuwa lafiya ba tare da matsarmama ba, domin hanta tana ci gaba da zuba ruwan ɗaci kai tsaye cikin hanji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: aikin da aka shirya aka sa masa rana, ga mace mai shekara 50 da ƙarfinta, yakan ƙare da kwana ɗaya ko biyu a asibiti. Wanda aka yi da tsakar dare ga mai shekara 75 da ta kwana huɗu tana amai, ko da kyamara ko da wuƙa, haɗarinsa ya ninka sau da yawa.